Gidan da babu kowa a ciki ma yana cin kuɗi: nauyin da masu rufaffun gidaje ke ɗauka a Nijar

Duk wanda ya ratsa unguwannin Plateau da Kwara Kano a birnin Yamai da yamma zai ci karo da irinsu. Babbar ƙofar ƙarfe ce a rufe da kwaɗo, fenti ya soma ɓarewa, busasshen ganye ya taru a bakin ƙofa. A jikin katanga an rataye allo mai rubutun "à louer" da lambar waya, rana ta cinye rabin lambobin. Gardi yana zaune kan benci yana hura gawayin shayi, shi kaɗai ne alamar cewa gidan yana da mai shi.

A Maraɗi da Damagaram da Tawa siffar takan bambanta, amma labarin ɗaya ne. Can gidan ƙasa ne a tsohuwar unguwa wanda mai shi ya rasu, magada ba su daidaita ba. Ko kuma gidan bulo a bakin gari, wanda ɗan ci-rani ya gina da guminsa na Abijan ko Libiya, ya sa kwano, ya sa ƙofa, ya kulle, ya koma neman kuɗi.

A wajen mutane da yawa irin wannan gida ajiya ce. An saba cewa ƙasa ba ta ruɓa, kuma wanda ya zuba kuɗinsa a gini ya tsere wa ɓarawo da mai roƙo da kuma son zuciyarsa. Game da filin da aka yi ginin a kai, maganar tana da ƙamshin gaskiya, domin a manyan garuruwa farashin fili ya fi yawan hawa bisa sauka. Ginin kansa kuwa wani abu ne dabam. Tun daga ranar da aka rufe shi yake fara lalacewa, kuma kowane wata yana karɓar wani abu daga aljihun mai shi, ko ya lissafa ko bai lissafa ba.

Yadda manyan gidajen Yamai suka rasa masu haya

Shekaru da dama ana gina wani nau'in gida a Yamai domin baƙi kawai: villa mai ɗakuna huɗu ko biyar, na'urar sanyaya ɗaki a ko'ina, garejin mota biyu, wani lokaci har da wurin wanka a tsakar gida. Masu hayarsu su ne ofisoshin jakadanci, ƙungiyoyin agaji, kamfanonin da ke yi wa sojojin ƙasashen waje hidima, da ma'aikatansu. Suna biya a kan lokaci, sau da yawa na watanni da yawa a dunƙule. Ƴan kasuwa da manyan ma'aikata da dama sun gina irin waɗannan gidaje da wannan lissafi, wasu da bashin banki.

Bayan sauyin mulki na ranar 26 ga Yulin 2023 kasuwar ta juya. Sojojin Faransa na ƙarshe sun bar ƙasar ranar 22 ga Disambar 2023, ofishin jakadancin Faransa ya rufe a farkon 2024. Tawagar Tarayyar Turai ta EUCAP Sahel ta tattara kayanta. Sojojin Amurka sun fice daga sansaninsu na Agadas a watan Agustan 2024, suka kammala janyewa daga ƙasar a Satumba. A Fabrairun 2025 hukumomi suka umarci ƙungiyar agaji ta Red Cross ta duniya, wato CICR, ta rufe ofisoshinta. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya tafi ya bar makullai a hannun masu gidaje, a Yamai da ma Agadas.

Matsalar ita ce gidan da aka gina domin mai karɓar albashi da kuɗin Turai ba ya shiga aljihun malamin makaranta ko ma'aikacin asibiti. Mai gida da ya saba karɓar haya mai tsoka yana jin rage farashi kamar faɗuwa ce, sai ya zaɓi ya jira. Jiran nan shi ne abin da ya fi kowane abu tsada, kuma ƙaramin lissafi ya isa ya nuna haka.

A ɗauka, a matsayin misali, mai gida yana neman jika 300 a wata, wani ya zo ya taya jika 200, ya ƙi. Idan gidan ya shekara a rufe, ya yi asarar miliyan 2 da jika 400 da zai karɓa a hannun wanda ya kora. Mafi ƙarancin albashi a Nijar tun daga Janairun 2024 jika 42 ne a wata. Idan a kan wannan yake biyan gardi, ya ƙara fitar da jika 504 a shekarar. Jimilla miliyan 2 da jika 904. Ko da a ƙarshen shekara ya samu mai biyan jika 300 ɗin da yake so, sai ya yi wata 29 yana tara bambancin jika 100 kafin ya mayar da abin da shekara ɗaya ta ci. Ba a sa gyara a ciki ba, ba a sa wuta da ruwa ba. Wanda ya yi ginin da bashi kuwa, banki ba ya tambayar ko akwai ɗan haya. Ranar biya in ta zo, ta zo.

Kuɗin da ke fita a hankali

Gardi shi ne kashin farko, kuma da wuya a kauce masa. Gidan da aka san babu kowa a ciki ba ya daɗewa ɓarayi su gano shi. Ba sa neman talabijin ko katifa. Wayar wuta suke zarewa daga cikin bango saboda jan ƙarfen da ke ciki, su kwance kan famfo, su ɓalle tagogi da ƙofofi, su ɗauke injin sanyaya ɗaki da ke waje. Abin da za su sayar a jika kaɗan wajen masu sayen tsohon ƙarfe, mai gida zai kashe ninkin-ba-ninkinsa kafin ya mayar, domin sai an fasa bango an sake ja, an yi shafe, an yi fenti.

Masu gida da ba su iya biyan albashi sukan bi wata hanya da ta zama ruwan dare a Yamai: a ba wani magidanci da ya zo daga ƙauye izinin zama da iyalinsa a ɗaki ɗaya ko a rumfa cikin tsakar gida, zamansa shi ne ladansa. Dubarar tana rufa wa ɓangarorin biyu asiri, iyalai da yawa da ba su da halin haya a nan suke fakewa. Sai dai ita ma ba kyauta ba ce. Girkin itace yana baƙanta bango, akuya da kaji suna shigowa, kuma ranar da matar gardi za ta haihu ko yaronsa ya kwanta ciwo, wayar mai gida ce za ta yi ƙara. Ranar da aka samu ɗan haya kuma, fitar da iyalin da suka shekara biyar a wurin ba aikin kwana ɗaya ba ne, sai an haɗa da ɗan abin sallama.

Sai wuta da ruwa. Muddin ba a je an yanke yarjejeniya da kamfani ba, takardar NIGELEC ba ta zuwa babu komai a kanta don kawai ba a kunna fitila ba, akwai kuɗaɗen da ke biye da mita ko an sha wuta ko ba a sha ba. Dokar kasafin kuɗi ta 2018, wadda ƙungiyoyin farar hula suka yi ta zanga-zanga a kanta, ta shigo da harajin mazauni da aka ɗaura a kan takardar wuta. Ruwa kuma, wanda tun farkon 2024 yake hannun kamfanin NDE bayan SEEN, yana da nasa haɗarin: bututu ya tsage a ƙarƙashin ƙasa, ko abin tsayar da ruwa na bayan gida ya lalace, ruwa ya yi ta zuba makonni babu wanda ya ji. Mai gida ba zai sani ba sai takarda ta iso. Wasu kan ce a yanke duka biyun a huta. To amma gidan da ba wuta ba ruwa gardi ba ya zama a ciki, itatuwan da aka dasa suna bushewa, kuma mai neman haya in ya ji sai an sake neman mita yakan juya.

Damina ba ta tambayar mai gida

A kudancin ƙasar babban mai cin rufaffen gida shi ne ruwan sama. Gidan ƙasa yana rayuwa ne da hannun mutanen da ke cikinsa. Kafin damina a yi yaɓe, a toshe tsagar soro, a share indararo. Ana tsakar ruwa da dare in ɗigo ya fara, akwai wanda zai tashi ya tara kwano, da safe ya hau ya gyara. In ruwa ya kwanta a gindin katanga, akwai wanda zai ɗauki fartanya ya buɗe masa hanya. Waɗannan ƙananan ayyuka ne da ba a biyan kowa a kansu, shi ya sa ba a ganin darajarsu sai babu mai yinsu.

A gidan da ke rufe, leda ɗaya da iska ta kawo ta isa ta toshe indararo. Ruwa ya taru a kan soro, ya jiƙa ƙasar, nauyi ya ƙaru a kan azara wadda gara ta riga ta ci cikinta. Ba lallai ya faɗi a daminar farko ba. Yakan yi shekara biyu ko uku yana jiƙewa yana bushewa, sannan wata rana da dare maƙwabta su ji rugum.

Daminar 2024 ta nuna wannan a fili. Ruwan da aka yi a shekarar ya hallaka mutum fiye da 300 a faɗin ƙasa, ya shafi fiye da miliyan ɗaya, har gwamnati ta ɗage komawa makaranta zuwa 28 ga Oktoba saboda azuzuwa da yawa sun lalace ko sun cika da waɗanda suka rasa matsuguni. A ƙarshen Agusta ruwa kamar da bakin ƙwarya ya sauka a birnin Maraɗi, ya rusa gidaje, ya kashe mutane. Ranar 3 ga Satumba tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram, wanda aka gina da ƙasa tun ƙarni na 19, ya rushe. Idan ginin da jama'a ke shiga kullum bai tsira ba, ana iya ƙiyasta halin ɗakin da aka shekara uku ba a buɗe ba.

Gidan siminti ya fi juriya, amma shi ma yana da nasa ciwon. Iskar da ke zuwa gaban hadari tana ɗaga kwano in ƙusa ta saki, ruwa ya shiga ya ruɓar da silin. Ɗakin da ba a buɗewa yana tara zafi da laima, fenti ya kumbura, ƙofar katako ta zama abincin gara, jemagu su tare a rufi. Famfon da ba a murɗawa yana cijewa. A watan Oktoban 2024 gwamnati ta rage farashin siminti domin taimaka wa waɗanda ambaliya ta shafa, inda tan ɗaya na siminti mai lamba 32.5 ya koma jika 55 a Yamai. Ragin ya taimaka, sai dai siminti kashi ɗaya ne cikin kayan gyara. Kwano da katako da fenti da wayar wuta yawancinsu daga waje ake shigo da su, kuma rufe iyakar Benin ya tsawaita hanyarsu, ya ƙara musu tsada.

Me ya sa ake kullewa, alhali ana neman ɗaki?

Abin da ke ba mutane mamaki shi ne a garin da ma'aurata sababbi ke yawo wajen dillalai suna neman ciki da falo, a nan ne kuma ake samun gida sukutum a kulle. Masu gidajen ba mahaukata ba ne, suna da dalilansu, kuma wasu dalilan masu nauyi ne.

Na farko tsoron ɗan haya. Kusan kowane mai gida ya san labarin wanda ya biya wata uku na farko lafiya, daga nan sai haƙuri, ya tara bashin shekara, ya tashi da dare ya bar takardun wuta da sunan mai gida, ya bar shadda a cike. Fitar da wanda ya ƙi biya yana ɗaukar lokaci, ko ta kotu ko ta mai unguwa, kuma kafin a kai can liman da dattawan unguwa sun zo roƙo sau uku. Wanda ya taɓa ɗanɗana wannan yakan rantse gara gidan ya zauna haka.

Akwai kuma dalilin da ba a cika faɗa a fili ba, wato dangi. Mutum ya gina gida a garinsu yana zaune a Yamai ko Lome, sai ƙanin mahaifi ko ɗan yaya ya ce a ba shi ya zauna kafin ya samu wuri. Ba a karɓar haya a hannunsa, ba a iya tashinsa, in ya fasa wani abu ba a iya magana. In an ba bare haya kuma, a ce an fifita kuɗi a kan zumunci. Mafita mafi sauƙi ga mutane da yawa ita ce a ce ginin bai ƙare ba. Sai a bar ɗaki ɗaya babu daɓe, ko a ƙi jawo ruwa, shekara da shekaru. Mai gidan ya sayi zaman lafiya da danginsa, kuma farashin da ya biya shi ne hayar duk waɗannan shekaru.

Ƴan ci-rani suna da nasu lissafin. A jahar Tawa, inda tafiya Kodebuwa ta zama gado tun kakanni, da yankunan Damagaram da ake zuwa Libiya da Aljeriya, gida shi ne shaidar cewa tafiyar ba ta tashi a banza ba. Ana so in an dawo hutu ko salla a sauka a gidan kai. Wata ɗaya ake kwana a ciki, sauran goma sha ɗaya yana kulle, kuma a ƙauye ko ƙaramin gari ma babu mai hayar da za a ba. Kuɗin gyara kuwa daga can ake aiko shi, ta hannun ɗan uwa, ba tare da mai shi ya ga aikin da idonsa ba. Sau da yawa kuɗin yaɓe yakan zama kuɗin hatsi, kuma da wuya a zargi wanda ya yi hakan in rumbu ya ƙare. Waɗanda ke nema a Najeriya sun fi jin jiki, domin tun da darajar naira ta zube daga tsakiyar 2023, abin da suke samu a Kano ko Legas in an canza shi zuwa sefa ba ya sayen buhunan simintin da yake saya a da.

Mafi wuyar warwarewa shi ne gidan gado. Uba ya rasu ya bar gida ɗaya, mata biyu ko uku, ƴaƴa goma sha. Gidan ba ya rabuwa ɗaki-ɗaki yadda kowa zai samu daidai rabonsa. Wasu na son a sayar a raba kuɗin, wasu na ganin sayar da gidan uba abin kunya ne, wani yana ƙasar waje ba a jin ta bakinsa. Kafin a je gaban malamai ko fadar sarki ko kotu a daidaita, sai a kulle. Daga ranar kuma gidan ya zama na kowa, wato babu wanda zai ciro kuɗinsa ya gyara abin da zai raba da mutum goma sha. A tsofaffin unguwannin Maraɗi da Damagaram akwai kangaye da yawa da haka suka samo asali. Lokacin da za a daidaita, ginin ya zube, abin da ya rage na sayarwa fili ne, har mai saye ya rage kuɗin kwashe ƙasa. Marayu da zawarawan da rabonsu ke ciki su ne suka fi kowa asara, domin su ne suka fi bukatar kuɗin tun shekarun da aka ɓata.

Abin da ba ya fitowa a takarda

Duk abin da aka lissafa a sama kuɗi ne da ake gani suna fita. Wanda ba a gani shi ne abin da jarin zai haifar da an sa shi a wani wuri. Ɗan kasuwar Maraɗi ya san ribar sayen wake a kaka a sayar da bazara, manomin Galmi ya san ta ajiyar albasa, matan gida sun san ta turkar rago zuwa babbar salla. Duk suna da haɗari, amma kuɗin yana juyawa. Miliyoyin da aka binne a ginin da ba a zaune ba a haya, sun tsaya cak, kuma ranar da bukata ta taso, ciwo ko auren ɗiya, gida ba ya sayuwa cikin mako ɗaya sai dai a karyar da shi.

Rufaffen gida yana kuma jawo rigima. Katangar da ta faɗa wa maƙwabci, mai gida ne zai biya. Kangon da ya zama juji ko maɓoyar ɓata-gari yana haɗa mai shi da mutanen unguwa. Gidan da aka daɗe ba a ga mai shi ba kuma shi ne abin da masu takardun jabu ke nema, su sayar wa wani, a wayi gari mutum biyu kowa da takardarsa a gaban alƙali. Wanda bai yi wa gidansa cikakkiyar takardar mallaka ba, wadda ake kira titre foncier, yakan kashe a shari'a fiye da abin da ya ƙi kashewa a kan takardar.

Wasu masu gidaje sun fara canza dabara. A Yamai akwai waɗanda suka sauke farashi suka ba ƴan ƙasa, akwai waɗanda suka raba babban gida biyu da katanga, kowane ɓangare da mitarsa, wasu kuma suka ba makarantu masu zaman kansu ko ƙananan asibitoci. Masu tsoron ɗan haya suna komawa ga yarjejeniya a rubuce gaban shaidu, da kuɗin ajiya na wata biyu ko uku, da rubuta lambar mita ranar shiga, da sa mitar kati inda ta samu, yadda bashin wuta ba zai taru ba. A gidajen gado kuma, wasu iyalai kan kira masu kimanta gida su yi masa kuɗi, ɗaya daga cikin magada ya biya sauran rabonsu a hankali, ko a ba da haya a riƙa gyara da kuɗin kafin a daidaita.

Ga wanda ya zaɓi ya ci gaba da kullewa, magina suna da lokacin da suke so a kira su: watan Afrilu zuwa farkon Mayu, kafin hadarin farko. A lokacin ana iya hawa soro a duba tsaga, a buga ƙusar kwano, a share indararo da magudanar tsakar gida, ƙasar yaɓe kuma ta bushe da kyau. Da zarar ruwa ya sauka, leburori da yawa sun koma gona, waɗanda suka rage aiki ya yi musu yawa, kuma kuɗin yininsu ya hau.